Lamba Goma a Ruwan Waakye

Masu karatu, wata a cikinku ta tambaye ni wai me ya sa har yau, da furfurata da jikokina, in na ga yara suna buga ƙwallo a lungu sai na sauke kwandona na tsaya kallo. To ku gyara zama. Amsar tana cikin wata Lahadi ta shekarar 1985, kuma tun yanzu nake faɗa muku, ban fito da kyau a labarin ba.

Sunana Lariba, 'yar Malam Ya'u tela, a Maamobi aka haife ni. Lokacin ina da shekara ashirin da ɗaya. Babana daga Dogonduci ya zo Accra tun yana saurayi, shagonsa na bakin Kasuwar Malam Atta, Hausarsa kuwa tana nan garau kamar jiya ya sauko daga mota. Mma, wato uwata Safara'u, haifaffiyar Zongo ce. Waakye take sayarwa, shinkafa da waken nan namu da ake dafawa da karan dafi har su yi ja. Ita "ka" take ce wa kowa, mace da namiji, in kun ji haka a bakinta ko na wani ɗan Zongo kada ku rikice.

Ni kuwa ciwona ƙwallo. Kulob ɗinmu sunansa Alheri ta Maamobi, rukuni na uku muke, kuma wanda ya yi dariya shi da Allah. Filinmu sakora ne, ko tsiron ciyawa ɗaya babu. Layi da toka ake ja, tokar ma daga murhun Mma. Ragar wani masunci daga Chorkor ne ke ɗinke mana ita, shi ya sa in rana ta yi zafi sai ta riƙa ƙarnin kifi. Ƙwallonmu ɗaya tal. In ta faɗa babbar kwatar da ta raba mu da Nima, wasa ya tsaya ke nan, sai an ciro ta an wanke da sabulu. Rigunanmu goma ne, farare, masu jan lamba a baya, gola shi ke neman tasa. In za a canja ɗan wasa, sai mai fita ya tuɓe a bakin layi ya miƙa wa mai shiga da guminta da komai.

Amma 'yan wasan namu ne. Ba a sayo ko ɗaya daga wani gari ba. Duk wanda ya taɓa ƙwallo a filin nan mun san uwarsa, mun san ranar da aka yi masa suna, mun san wanda malam ya zane a makarantar allo saboda ya yi ƙwallo da lemon tsami. Seidu, ɗan gefen hagu, shekararsa goma sha takwas, uwarsa ce ke sayar da koko a bakin masallaci, da safe shi ke ɗaukar mata tukunya. In ya ruga da ƙwallo sai ka ji tsofaffin mata suna cewa, "Ɗanmu ne, ɗanmu ne!" ko da ba su haɗa komai da shi ba.

Sai lamba goma. Kadiri.

Ba zan ce muku kyakkyawa ba ne, kunnuwansa sun ɗan yi waje. Amma in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai fili ya yi shiru, kowa na jira ya ga inda zai aika ta. Shekara biyu muna son juna. Baba ya sani, kuma bai kore shi ba, magana ɗaya ya yi ya tsaya a kanta.

"Ƙwallo ba sana'a ba ce. Ranar da ya samu inda yake fita da safe ya dawo da yamma, ya turo manyansa. Kafin nan, kada in ji, kada in gani."

Ya kuma ƙara da cewa 'yarsa ba za ta wanke gumin zauna-gari-banza ba. Domin mu matan da ke goyon bayan Alheri, mu ke wankin riguna bi da bi. Na ce "To, Baba," na ci gaba da wankina a ɓoye. Dole ne ma, don a cikin wankin gidan wayarmu yake. Kadiri zai rubuta wasiƙa ya cusa a safarsa ta hagu, ya ajiye jakar kaya a bayan katangarmu ya yi fito sau biyu. Ni kuma in na wanke na linke, sai in mayar da amsa a safar. Wallahi na karanta kalaman soyayya masu warin ƙafa har na saba.

Ranar Asabar da yamma na ji fito. Ba ni ce da wanki ba, amma wadda ke da shi ta haihu. Na zaro takardar na karanta a bayan ɗakin girki.

"Larii, gobe wani mutum zai zo daga masaƙar Tema. Suna da kulob, wanda suka ɗauka suna ba shi aiki a kamfani. Koci Issifu ya rubuta mishi ya duba lamba goma. Ka sa rigan nan ya yi fari paa. In Allah ya so, jibi zan gaida Baba da takarda a hannu."

Na karanta sau huɗu. Da Nima ma za mu kara, ƙarfe uku da rabi, a filinmu.

Lahadi da safe komai ya zo mini daidai. Baba ya tafi suna a Zongo Lane. Mma ba ta sayar da waakye ranar Lahadi, sai dai ta jiƙa karan dafi da kanwa a ruwan zafi don tukunyar Litinin, ta rufe da faifai, ta shiga ɗaki ta miƙe baya. Na fito da kayan na dirje su da sabulu, na sa bula, na ɗauraye har sau uku. Sun yi fari fat. Na matse su na tara a hannu zan kai igiya ke nan, sai na ji sallama.

"Salamu alaikum, masu gida suna nan?"

Gwaggo Indo ce, yayar Baba. Ku da ba ku san ta ba, in ta ga abu da safe, kafin azahar ya isa kunnen Baba da ƙarin gishiri. Kuma tana da nata ɗan takarar, Jalilu, ɗan wani mai sayar da yadi a Zongo Lane. Ba ni da abin da zan faɗa a kan Jalilu, yaro ne mai kunya, mai turare, yana gaishe ni kamar ni ce uwarsa. Laifinsa ɗaya, ya taɓa tambayata wai me ya sa ba za a ba kowane ɗan wasa ƙwallonsa ba a huta da guje-guje.

Daro biyu muke da su a tsakar gida, iri ɗaya, kala ɗaya, duk Mma ta saye su rana ɗaya. Ɗaya nawa na ɗauraya, ɗaya nata. Ban duba ba. Na ɗaga faifai na danna rigunan da safunan ciki na rufe. Na ji ɗumi a yatsuna, amma hankalina yana ƙofa.

Gwaggo ta shigo da Mulikatu, yayar Jalilu, ta sha leshi ruwan ƙwai da ɗaurin da ya kusa taɓa saman ƙofa, da awarwaro har gwiwar hannu. A kanta akwai ƙunshi. Aka shimfiɗa tabarma, Mma ta fito, aka buɗe ƙunshin. Farar shadda ce, yadi goma, mai zanen ƙananan taurari a jiki, sai ƙyalli take yi. A shekarun can yadi wuya yake yi, irin wannan sai gidan masu shi.

"Ba komai ba ne, Jalilu ya ce a kawo wa Lariba ya gani kawai," in ji Mulikatu.

"Gani kawai," in ji Gwaggo, tana kallona. "In ba ta so a mayar lafiya lau, ba dole. Amma kin san al'ada, 'yar nan. Kayan saurayi in almakashi ya taɓa shi, an amsa ke nan."

Na ce, "Na sani, Gwaggo." A raina na ce ko reza ba za ta kusance shi ba.

Suka zauna. Aka sha koko, aka ci ƙosai. Aka yi hirar wadda ta haihu, da wadda mijinta ya dawo daga Legas da akwati ɗaya, da tsadar tumatir. Ni ina durƙushe ina murmushi, idona na kan rana tana hawa katanga. Mulikatu ta ce in tashi in juya ta ga tsayina. Na juya. Ta ce in yi dariya ta ga wushiryata. Na yi, amma Allah ya sani dariyar ba daga ciki ta fito ba. Sai da ƙarfe goma sha biyu ta wuce sannan suka nemi takalmansu.

Suna fita na ruga na ɗaga faifai.

Masu karatu, na taɓa ganin tashin hankali a rayuwata, amma na ranar nan daban ne. Na ciro riga ɗaya. Ja ce. Ba jan ƙwarai ba ma, ja mai duhu, kalar waakye sak, irin wanda ya sha kanwa ya kwana a wuta. Na ciro ta biyu, haka. Goma ɗin duka. Lambobin da ke baya, da yake su ma ja ne, sun nutse a cikin kalar, sai ka sa ido kusa kafin ka gane bakwai daga ɗaya.

Mma ta zo ta tsaya a kaina, ta riƙe ƙugu.

"Ei, Lariba! Ka yi mi? Ruwan waakye na ne ka sa rigan ƙartai ciki?"

"Mma, zai fita?"

"Fita ina? Abin da ake rina fata da shi? Ba zai fita ba kuraa. Kai, yarinyan nan ya kashe ni. Gobe mi zan dafa?"

Na zauna daɓas a ƙasa na fashe da kuka. Kalar ba ita ce damuwata ba, Nima kore suke sawa, ba za mu haɗu ba. Lambar ce. Rafali ba ya busa usur sai ya ga lambar kowa ya rubuta a littafinsa. Bara a gaban idona ya kori wani kulob saboda lambobinsu sun koɗe, aka ba abokan karawarsu maki ba a taɓa ƙwallo ba. In haka ta faru yau, mutumin Tema zai hau tirotiro, motar haya, ya koma bai ga komai ba, kuma ni ce na jawo, da hannuna.

Ina cikin kukan sai ga Baba ya shigo, da lemarsa da goron suna a hannu. Ya dubi rigunan a zube, ya dube ni, ya dubi Mma. Babu abin ɓoyewa kuma. Na faɗa masa komai ina sheshsheka, ban da gidan waya. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Sannan ya ce, "Da wa za a buga?"

"Da Nima, Baba."

"Da Nima." Ya ajiye lemar a hankali. "Wato in babu lamba, 'yan Nima za su kwashi maki su tsallaka kwata suna waƙa?"

"E, Baba."

"Kuma gobe Seriki mai aski, ɗan Nima, ya zo ƙofar shagona ya tsaya yana yi mini murmushin nan nasa?"

Ni dai na san Baba yana kunna rediyo ranar Lahadi ya lulluɓe shi da tawul, ya ce labarai yake ji, duk da ban taɓa jin labaran da ke sa mutum ya buga ƙafa a ƙasa ya ce "kash" ba.

"Ina raye ba za a yi haka ba," in ji shi. "Ku hura gawayi a dutsen guga. Safara'u, ke da ita ku busar mini da rigunan nan. A kawo mini farin yadi."

Aka shiga nema. Shago yana kulle, makulli yana wurin maƙwabcinsa da ya tafi unguwar Madina. A gida sai tsohon keken ɗinkinsa na baranda da buhun ƙyallaye, duk kaki da baƙi na kayan 'yan makaranta, ba wanda zai fito a kan ja. Fari biyu ne kaf a gidan. Babbar rigarsa ta Juma'a da ke rataye a ƙusa, da shaddar Jalilu da ke kan gado.

Baba ya dubi rigarsa. Ya dubi shaddar. Ya sake duban rigarsa.

"Malam," in ji Mma a hankali, "wannan kayan mutane ne fa. Yaya Indo ya ce in almakashi..."

"Rigata shekara goma sha biyu muna tare. Wannan yau ta shigo gidan, ban san ta ba."

Ya warware shaddar a kan tabarma, ya zaro alli daga bayan kunne, ya zana biyu, uku, huɗu, ko ma'auni bai ɗauka ba. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna da Kadiri, na tuna da Jalilu, na rasa wanda zan ceta. Kafin in yanke shawara na ji ƙarar almakashi.

Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Ni da Mma muna guga, tururi na tashi da ƙamshin waakye, duk rigar da ta bushe sai in cilla wa Baba. Shi kuma ƙafarsa na kan keke, yana ɗinki yana mita, wai wane makahon tela ne ya ɗinka wuyan rigunan nan. Da ya zo kan lamba goma na lura ya bi ta sau biyu. Safuna muka goge su sama-sama, ɗaya ta ɓace, ba mu tsaya nema ba. Ƙarfe uku da kwata na ɗora jaka a ka na zura da gudu, silifas ɗina ɗaya ya tsinke a hanya na bar shi nan.

Koci Issifu yana bakin igiyar da ta kewaye fili yana safa da marwa. Ya buɗe jakar, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Lariba, wannan na wane kulob ne?"

"Namu ne, Koci. Akwai lamba."

Kadiri ya ɗaga tasa ya shinshina, ya dube ni. "Larii, na ce ya yi fari paa." Sai ya fashe da dariya har ya riƙe ciki. Safarsa ta hagu ce ma ta ɓace, ya ari wata baƙa ya sa.

Da suka shiga fili, mutanen Nima suka yi shiru kamar na daƙiƙa uku, sannan wani ƙato ya ɗaga murya, "Mai waakye! A sa mini da taliya da ƙwai!" Shi ke nan fili ya kaure. "A ƙara yajin shito!" "Na lamba biyar ya ƙone!" Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai uwar Seidu ta kifa kwanon kokonta ta fara bugawa da ludayi, tana cewa, "Ku zo ku ci, da zafinshi!" Matanmu suka ɗauka, maza suka bi. Tun daga ranar har kulob ɗin ya watse ba wanda ya sake ce mana Alheri, 'Yan Waakye ake kiranmu, kuma ba mu taɓa komawa farar riga ba.

Mutumin Tema yana zaune a kan kujerar da aka aro daga makaranta, da baƙin tabarau da ɗan littafi. Can ƙarƙashin bishiyar darbejiya kuwa, wa zan gani? Baba, da lemarsa. Na matsa kusa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ɗinkina na zo in gani ko zai riƙe."

Nima suka fara cin mu da bugun kwana. Kafin hutun rabin lokaci Seidu ya farke, ya zille wa mutum biyu a gefen layi ya buga ta ƙasa-ƙasa. Kadiri yana ta raba ƙwallo kamar mai rabon goro a wurin suna, amma ni ba rabo nake so ba, so nake ya ci, mutumin nan ya rubuta. Ƙwallo ta faɗa kwata sau biyu. Rana ta fara sauka. Ɗaya da ɗaya.

Saura kamar minti uku, Kadiri ya karɓi ƙwallo a tsakiya. Ya wuce na farko, ya bar na biyu a zaune cikin ƙura, ya shiga da'irar gola ta gefen dama. Gola ya fito. Duk filin, har da masu sayar da lemo, muka haɗa baki, "Buga! Buga!" Na ga mutumin Tema ya miƙe tsaye. Kadiri ya ɗaga ƙafa, gola ya kwanta, sai kawai ya tura ta gefe a hankali, inda Seidu yake tsaye shi kaɗai a gaban raga. Seidu ya taɓa ta ciki.

Igiya ta tsinke, mutane suka cika fili. Na waiga na ga hular Baba a sama, lemarsa a ƙasa, yana rungume da wani mai gyaran rediyo da suka yi shekara uku ba sa magana.

Bayan an tashi, mutumin ya kira Koci gefe. Ina kallonsu daga nesa. Ya nuna littafinsa, ya nuna wani da biro. Ba lamba goma ya nuna ba, sha ɗaya ya nuna, wato Seidu. Ya ce lamba goma ya iya, amma mai cin ƙwallo suke nema, kuma yaro. Uwar Seidu ta zube a ƙasa tana kuka tana godiya ga Allah.

Na yi mata murna, wallahi na yi, amma zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Kadiri ya zo bakin layi yana share gumi.

"Me ya sa ba ka buga ba?" na ce. "Kai aka zo gani!"

"Larii, in na buga, rabi da rabi ne. In na ba shi, raga ne."

"To ni fa? Ni rabin nawa ce?"

Ya tsaya yana kallon safarsa baƙa. Na juya na tafi gida da silifas ɗaya, ina kuka ina jin haushinsa, ina kuma sonsa fiye da yadda na so shi da safe, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Ban gama wanke fuska ba na ji guɗa daga ƙofar gida. Gwaggo Indo ce, baki har kunne. Ashe ta gaya wa Jalilu ina son ƙwallo, bawan Allah ya zo fili karo na farko a rayuwarsa don ya burge ni. Ɗan mai sayar da yadi kuwa ba ya kasa gane kayansa. Yana tsaye a bakin igiya ya ga taurarin shaddarsa suna gudu a bayan ƙartai goma.

"Alhamdu lillahi!" in ji Gwaggo. "Ko me aka yi da ita, an yanka dai. Almakashi ya shiga, magana ta ƙare. Safara'u, sai a fara shirin goro."

Na dubi Mma, Mma ta dubi ƙasa. Baba yana zaune a baranda yana karkaɗe ƙurar hularsa.

"Yaya Indo, wa ya yanka?"

"Oho, a gidan nan dai aka yanka."

"Lariba ko taɓa ta ba ta yi ba. Almakashina ne, hannuna ne. In yanka amsa ce, to ni na amsa. Ki ce wa Jalilu ya turo manyansa, ni zai aura."

Mma ta toshe baki da zane, kafaɗunta na rawa. Gwaggo ta miƙe tsaye. Ta ce Ya'u ya mayar da ita abin wasa a gaban yara, ta shiga ɗaki ta ɗauko ragowar shaddar ta warware. Duk ta zama tagogi, nan biyu, nan takwas, ana hango katanga ta cikin sifili. Ta naɗe ta ta ɗora a ka, ta ce yanzu-yanzu za ta kai Zongo Lane a gani, kuma maganar nan ba ta mutu ba.

"Ki gaishe su," in ji Baba. "Ki ce da Alhaji uban Jalilu gobe bayan la'asar ina nan tafe da kaina, laifina ne, ni zan tsaya a gabansa."

Ta fita. Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Yaron nan naki, ya san mutumin don shi ya zo?"

"Ya sani, Baba."

"Ya kuma san sharaɗina?"

"Ya sani."

Ya gyaɗa kai. "Abincinsa yana kan ƙafarsa, ya ga ɗan'uwansa ya fi shi kusa da raga, ya miƙa masa. Irin wannan ba zai ci shi kaɗai ya bar mini 'ya da yunwa ba." Ya ɗora tafin ƙafarsa a kan matakin keken ya motsa shi. "Akwai keke ɗaya a shago da ba mai hawa. Da ƙafa ake tuƙa shi, na kuwa ga yana da ita. Hannun ni zan koya masa. Ya fita da safe ya dawo da yamma, sharaɗina bai canja ba."

Na sunkuyar da kai. Hawaye kawai ke zuba.

"Sai ki sanar da shi. Ki rubuta ki sa a safa yadda kuka saba."

Na ɗago da sauri.

"Tela ne ni, Lariba. Ba a ɓoye abu a cikin tufa in kasa gani."

Mma, da take zubar da ruwan daro tana mitar tukunyar gobe, ta sa hannu a ƙasansa ta zaro wani abu ta cillo mini. Safar hagun nan ce da ta ɓace, ta fi kowacce yin ja. Na yago takarda a littafin awon Baba na rubuta da allinsa: "Gobe ƙarfe bakwai, shagon Baba. Ka zo da ƙafafunka duka biyu."

Ana shirin kiran magariba na ji an ajiye jaka a bayan katanga. Aka yi fito sau biyu, a sanyaye, irin na wanda bai sa ran a kula shi ba. Na matse safar, na cusa takardar, na cilla ta saman katanga.

Shiru. Na kasa kunne a jikin katanga.

Sai na ji ihu daga lungu, irin wanda ya hana kansa yi a fili, da ƙarar ƙafafu suna gudu har suka ɓace. Baba ya ɗauki butarsa, ya girgiza kai.

"Allah ya sa kada ya karya mini keke."